Mazarƙwaila Mai Kumfa

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, wasu ma ko an tuna mini sai in ce ban san zancen ba. Amma abin da ya faru a wata Kirsimeti, lokacin yarana suna ƙanana, wannan kam har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da shi ba. In na ba da labarin dariya mutane suke yi, ni ma nakan taya su, amma akwai wani wuri a cikinsa da in na iso dariyar take ƙare mini.

Ni 'yar wani ƙauye ce a gefen Paki. Kirista ce ni, iyayena ma haka, kuma Hausawa ne mu gaba da baya. Aure ne ya kawo ni Makarfi, ina koyarwa a firamare, maigidana kuma yana noma. A layin da muka samu gida mu kaɗai ne Kiristoci. Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan wani malami mai karantar da Alƙur'ani a zaurensa, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya gaishe ka da safe ya gama hirar ranar ke nan. Mahaifiyarsa kuwa, wadda duk unguwa ke kira Iya, ita ta kwashe surutun gidan gaba ɗaya. Tsohuwa ce 'yar firit, ganinta ya ragu sosai, haƙoranta sun zube sai 'yan na gefe, amma kunnenta ras, bakinta kuma ya fi kunnen lafiya. Malama take ce mini, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don tsiya.

Sai na faɗi abin da Iya ta yi mana kafin a gane nauyin abin da na yi mata. Shekarar da muka tare, Kirsimeti ta matso na rasa yadda zan yi. A ƙauyenmu an saba, kowa yana cin na kowa, amma nan ban san mutane ba, ina tsoron in kai abinci a dawo mini da shi. Ana gobe biki sai ga Iya ta leƙo da sandarta. Ta ce ta ji kukan kaji a gidanmu, kada mu kuskura mu yanka da kanmu, mu miƙa wa Malam ya yanka, don ita ba ta da niyyar hangen shinkafa daga nesa. Haka aka yi. Washegari ta zauna a tsakar gidansu ta ci ta ƙoshi, ta aiko da kwanon da gyaɗa a ciki, tukwicin yara. Da sauran gidaje suka ga gidan Malam sun ci, sai suka buɗe ƙofa. Daga nan abin ya zauna, da Sallah tuwo da nama su cika mana ɗaki, da Kirsimeti kwanoninmu su zaga layin. Ban yaudari kaina ba. Na san akwai gidajen da suke karɓa don ƙauna, akwai kuma waɗanda suke karɓa don kawai Iya ta karɓa. Zaman lafiyarmu a layin nan ita ta tokare shi.

Banda abinci, nakan ɗora wa manyan matan layin ɗan wani abu a kan murfin kwano, ɗankwali ko turare ko man shafawa. To, a wannan shekarar abubuwa suka tsuke. Masara ba ta yi ba, kaya sun yi tsada, shinkafar ma da ƙyar aka samu. Maigidana ya ce a bar zancen ƙarin kyauta, abincin ya isa, babu wanda zai kai mu ƙara. Gaskiya ya faɗa. Amma ni ina da wani hali, ba na son a ce bara na yi, bana na kasa. Kuma in na ƙudura abu gara a ƙyale ni in ga ƙarshensa, don magana ba ta juya ni.

Sai na tuna a taron matan cocinmu wata ta taɓa koya mana haɗa sabulu. Ranar ina can baya ina hira, rabi na ji rabi ya wuce ni, amma na ce ai ba wani abu ba ne, mai ne da soda da juyawa. Ga yara suna hutu sun ishe ni da ƙiriniya. Su uku ne: babbar mace tana ajin ƙarshe a firamare, namiji na bin ta, sai auta mace da ko makaranta ba ta shiga ba. Na tara su na ce bana da hannunmu za mu yi kyautar Kirsimeti, ba mai cewa mun saya. Murna kamar na ce za mu Kano a jirgi.

Na shiga kasuwa na sayo soda da man alayyadi, irin baƙin nan mai araha, na haɗa da guntun man kaɗe da nake da shi. Turaren da ake ɗigawa a sabulu na tambayi kuɗinsa na ajiye musu abinsu. A bayan ɗaki muka kafa masana'antarmu. Sodar ni na jiƙa ta da kaina a bokitin roba, na kori yaran can nesa, don wannan ɓangaren dai na ji shi a taron, an ce tana cin fata. Da ta huce na ɗaura wa kowa leda a hannu, har da auta da ba abin da za ta taɓa, amma ta ce in ba a ɗaura mata ba sai ta gaya wa babansu. Babbar ta riƙe tsohuwar muciya tana juyawa, ni ina tsiyaya mai, namijin yana tsaye yana ba mu umarni kamar shi ya ƙirƙiro sabulu. Auta kuwa aikinta tambaya, ya yi ko bai yi ba, ya yi ko bai yi ba, har na ce in ta sake tambaya da ita zan haɗa in juya. Gaskiya mun ji daɗin ranar nan. Rabona da in yi dariya da yarana haka an daɗe.

A tsakiyar aikin ne wayona ya motsa. Na tuna matar ta ce ɗan sukari yana ƙara wa sabulu kumfa. Sukari ya yi tsada, mu kuma ƙasar rake ce, lokacin ma ana tsakiyar dafa mazarƙwaila, gida ba ya rabo da ita. Na ce ai duk zaƙi ne. Na narka guda a ruwan ɗumi na juye a ciki. Nan take haɗin ya rine, ya koma ruwan ƙasa mai duhu, yana wani ƙamshin ƙonannen zaƙi. Ban tsaya nan ba. An koya mana a shimfiɗa leda a kwali a zuba, in ya daskare a yanka da wuƙa, amma ni na ga wannan ya yi kama da sabulun wanki na talakawa. Akwai wani ɗan'uwan maigidana a Nasarawan Doya da ke dafa mazarƙwaila, ya taɓa ba ni tsofaffin ƙananan tasoshin da yake zubawa a ciki, yara suna wasan girki da su. Na sa aka wanko su, namijin ya shafe su da mai, muka jera a inuwa muka cika.

Da suka daskare muka kife su a kan tabarma, sai ga su ƙulu-ƙulu, sumul, gwanin sha'awa. Babbar ta ɗauki ɗaya ta juya ta ce, “Mama, wallahi kamar mazarƙwaila.” Maigidana ma da ya dawo daga gona ya tsaya ya dube su, ya tambaya ko ɗan'uwansa ne ya zo. Ku ji fa, mutum biyu suka faɗa mini a cikin gidana, ni da na tashi ina tsotsar mazarƙwaila tun ban iya magana ba. Maimakon gabana ya faɗi, daɗi na ji. Na ɗauka yabo ne. Har nake cewa to ai shi ne gwanintar, sabulun da ba a taɓa ganin irinsa ba.

Akwai kuma abin da na sani na take. An ce sabon sabulu sai ya sha iska na makonni kafin zafin sodar ya mutu, ni kuwa na fara aikin biki ya riga ya ƙarato. Na gwada ɗaya a hannu, ya yi kumfa sosai, amma na ji yana ɗan cizo tsakanin yatsuna. Na ce kaushin sanyi ne, ai kafin su gama da wanda suke amfani da shi wannan ya yi laushi. Muka ɗaure kowane biyu a farar leda, babbar ta yi musu ƙulli mai kyau da zare ja.

Sannan na yi abin da ya fi duka. Ina so matan layin su buɗe su yi mamaki, su biyo ni suna tambayar a wane kanti na samo, ni kuma in gyara zama in ce ni da yarana muka yi. Saboda haka na ja wa yaran kunne, kada wanda ya ce sabulu ne, kada wanda ya yi wani bayani, su gaishe da mutane, su ce in ji Mama, su ajiye su dawo. Auta na fi ja wa kunne don ita ce rediyon gidan. Har na sa ta maimaita: ba za ta ce sabulu ba.

Ranar Kirsimeti muka dawo daga coci da rana, na zuba shinkafa da miya a kwanoni, na ɗora ƙullin leda a kan murfin kowanne. Babbar ta ɗauki gidajen ƙarshen layi. Gidan Malam da yake kusa na ba namijin, auta ta maƙale masa. Daga baya na ji yadda aka yi: shi ya wuce madafa ya miƙa wa matar Malam kwanon, ita kuwa auta ta fizge ledar ta ruga ɗakin Iya, don ƙawarta ce, kullum tana can tana cinye mata goriba.

Ina tsugune ina kwashe sauran miya sai ga auta ta shigo da tsalle, hannunta cike da dabino.

“Mama, Iya ta ce mazarƙwailar ta yi daɗi, Allah ya yi mana albarka.”

Na yi dariya na ce ta ce dai ta yi kyau, ai sabulu ba ya daɗi.

“A'a, daɗi ta ce. Ta ci. Ni ban ce mata sabulu ba ne, Mama, na ce mu muka dafa.”

Tana faɗa tana kallona, tana jiran in yaba mata ta riƙe amana. Ludayin da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗa tukunya ba. Kafin in miƙe na ji salati ya tashi ta bayan katanga, muryar matar Malam ce, tana kiran Iya, tana kiran a kawo ruwa.

Ba takalmi na fita. Ko sallama ban yi ba na ratsa zauren Malam, abin da ban taɓa yi ba. Na tarar da Iya zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, matar Malam ta tallafe mata kai, kumfa yana fita ta gefen bakinta, idonta yana zubar da ruwa, tana son yin magana harshe ya ƙi. Kafin ka ce me mata sun cika tsakar gidan. Wanda ya ga tsohuwa da kumfa a baki bayan ta ci abin da aka aiko mata, ba sai an gaya masa abin da zai zo masa a rai ba. Wata mata daga gidan da ke kallon namu, wadda dama gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, dama ana faɗa ba a ji, ga shi nan an gani.

Na buɗe baki na ce sabulu ne, amma muryar da ta fito ko ni ban ji ta ba. Sai da Malam ya shigo mata suka dare, ya tambaya cikin natsuwa me aka ba ta. Na sake faɗa. Ya sunkuya ya ɗauki abin daga tabarma, ga gurbin da Iya ta gutsura. Ya shinshina, ya jawo buta ya zuba ruwa, ya murza a tafinsa. Kumfa ya cika masa hannu har yana ɗiga. Ya ce sabulu ne, a wanke mata baki da ruwa mai yawa, a nemo madara, a kira mai kemis. Bai ɗaga murya ba, bai kuma dube ni ba. Wasu 'yan mata suka fara ƙunshe dariya a mayafi. Amma matar nan ba ta gama ba, ta juyo ta dube ni ido cikin ido.

“To Malama, ke da kike koya wa 'ya'yanmu karatu, wa yake zuba sabulu a tasar mazarƙwaila, ya ɗora a kan abinci, ya aiko yarinya ba bayani?”

Na so ƙwarai a ce sharri ta yi mini, da na samu abin riƙewa. Amma tambayar nan babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Ni mai baki, wadda ba a kayar da ni a gardama, na tsaya ina kallon yatsun ƙafata. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Ina tsaye sai wani abu ya faɗo mini: sauran gidajen. Na juya na fita da gudu. Ku hango ni, da sabon ɗinkin Kirsimeti, ɗaurin kai ya karkace, ƙafa ba takalmi, ina bin gidaje ɗaya bayan ɗaya ina sallama ina haki, ina cewa don Allah kada ku ci, sabulu ne. A wani gida na tarar an ɗora shi can saman katanga don kada yara su gani, an ajiye wa kokon safe. A wani gidan na makara, uwar gidan ta riga ta jefa guda a tukunyar kunu, tana tsaye tana mamakin yadda kunu yake tashi kamar ana wanki. Duk inda na shiga sai na yi bayani tun daga farko, duk inda na yi bayani sai a dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya fara taɓuwa. Mamakin da nake so su yi sun yi shi, har ya yi yawa.

Kafin la'asar kwanoni suka fara dawowa. A wurinmu kwano ba ya dawowa wayam, sai an saka ɗan wani abu, ko gyaɗa ce ko ƙwai. Waɗannan kuwa cike suka dawo, da shinkafarsu da namansu, ko cokali ba a sa ba. Yaran da aka aiko ba sa ma shigowa, a bakin ƙofa suke direwa su juya. Na jera su a tsakar gida ina kallo. Kajin da Malam ya yanka da hannunsa ne a ciki, amma ranar ba wanda ya tuna da wannan. Maigidana ya fita ya dawo ya ce labari ya kai bakin kasuwa, kuma a can babu sabulu a cikinsa, cewa ake an ba uwar Malam guba a abincin Kirsimeti. Ya ce ko za mu tafi ƙauye da yara mu ɗan kwana biyu. Bai ce ai na gaya miki ba. Da ya faɗa da na samu wanda zan yi faɗa da shi in ji sanyi.

A cikin yarana ba mai taɓa cincin ɗinsa. Auta ta raɓe a jikin ƙofa, can ta tambaye ni ko ita ce ta kashe Iya. Na rungume ta na ce Iya tana nan da ranta, kuma ba ita ba ce, ni ce. Yarinya ta yi daidai abin da uwarta ta ce, me za a ce mata?

Gab da magariba matar Malam ta kira ni ta kan katanga. Mutuniyar kirki ce, muna shiri ƙwarai. Ta ce mai kemis ya duba Iya, babu abin da ya wuce ciki sai kaɗan, amma cikin kunci da dasashi da gefen harshe duk sun saluɓe, sai kunu mai sanyi take iya kurɓa. Na ce ni abin da ya ɗaure mini kai, sabulu ai da ya taɓa harshe an sani, me ya hana ta tofarwa? Matar Malam ta ce ita ma ta tambaye ta. Iya ta ce tun da ta saka a kunci ta san ba mazarƙwaila ba ce. Amma yarinya tana tsaye a gabanta ta ƙura wa bakinta ido, ta ce da hannunsu suka dafa, tana jira a yaba. Shi ne ta riƙe abin a kuncinta yana cin ta, ta sa mata albarka, ta lalubo dabino ta ba ta, ta jira har ta ji fitarta daga zaure, sannan ta tofar.

Nan ne wurin da nake cewa dariyar take ƙare mini. Na dafa katangar na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Ni ina can ina lissafin yadda za a yabe ni, tsohuwa tana nan tana ƙona bakinta don kada ran 'yata ya ɓaci.

Washegari ban iya fita ba. Na san ya kamata in je in durƙusa in ba da haƙuri, na ɗauki mayafi na ajiye ya fi a ƙirga. Da hantsi, lokacin da layin ya cika da masu wucewa, mata suna dawowa daga famfo, sai na ji ana buga ƙofarmu da sanda. Na leƙa, Iya ce. Leɓenta ya kumbura, an shafa mata zuma yana ƙyalli. Na zube a gabanta na fara gaisuwa da ban haƙuri a haɗe, na ce ta shigo ciki. Ta girgiza kai. Ta zauna a dakalin ƙofar gidanmu, a fili, ta miƙe ƙafa ta jingine sandarta. Maganarta a dagule take fita, sai na matsa na gane.

“Malama, ina shinkafata? Jiya ban samu ci ba.”

Na ce Iya akwai attaruhu a miyar, kuma ɗumame ne, ta bari in dama mata kunu. Ta ce ita ba kunu ya kawo ta ba, kunu akwai a gidan ɗanta. Na ce to in ɗauraye mata naman in zuba fara ba miya. Ta ɗaga ido ta dube ni, irin kallon da take yi in tana ganin wautata ta yi yawa.

“Yadda kika zuba wa kowa haka za ki zuba mini. Kuma nan za ki kawo.”

Sai a lokacin na gane. Na shiga na ɗumama, na kawo mata da ruwan wanke hannu. Ta yi bisimilla a bayyane, ta kai loma. Na ga yadda ta runtse ido, na ga jijiyar wuyanta ta miƙe. Hawaye suka gangaro mata, ba na kuka ba, na yaji a kan ɗanyen ciwo. Ta haɗiye, ta sake kai wata. Mata suka tsaya da bokitai a ka, masu kekuna suka rage tafiya, matar gidan da ke kallon namu ta leƙo ta labule. Na ce Iya ya isa haka, don girman Allah ya isa. Ko kallona ba ta yi ba, sai da ta ci abin da kowa zai shaida ci ne, ba ɗanɗano ba. Sannan ta sha ruwa, ta share ido da gefen zane, ta dubi masu kallo.

“Ku me ya tsayar da ku? Bakina ne ya ƙone, ba naku ba. Sabulu ne Malama ta yi, wauta ce, ba mugunta ba. Wanda bai taɓa wauta ba ya zo in gan shi.”

Ta sa aka kira mata auta, wadda ta ɓuya a bayan ƙofa, ta jawo ta jikinta ta ce ta daina kuka, ita Iya dai cikinta ya wanku tas, saura zannuwanta, a ajiye mata sauran sabulun in ya huce. Daga nan ta miƙa hannu na tashe ta, na raka ta har ƙofar zaure. Malam yana zaune da ɗalibansa, ya ɗago ya amsa gaisuwata kamar kullum, har ya ƙara da tambayar yara.

Kafin azahar yara suka fara sallama a ƙofa, wai an ce a ba su shinkafarsu ta jiya. Ba duka gidajen ba. Akwai gidan da daga ranar ba su sake karɓar abincinmu ba har muka bar layin, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Ƙauye dai ba mu tafi ba. Iya ta yi kwanaki tana fama da baki, cin da ta yi a dakalina ya mayar mata da ciwon baya, matar Malam ce ta gaya mini, ita ba ta taɓa ɗaga zancen ba.

Iya ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Abin da na koya ba wai a daina yin sabulu da yara ba ne, mun ci gaba da yi, a kwali, ana yankawa da wuƙa, ana barinsa ya sha iska. Na koyi cewa in za ka ba mutum abu, ka ba shi don shi, ka buɗe baki ka gaya masa mene ne, kada ka mai da shi ɗan kallon gwanintarka. Ni yabo na je nema, kuma wadda ba ta ji ba ba ta gani ba ita ta biya. Sau biyu tsohuwar nan ta ƙona bakinta saboda gidana, na farko don kada 'yata ta ji kunya, na biyu don kada a kore mu daga layin. Har ta koma ga Mahaliccinta ban samu bakin da zan gode mata yadda ya kamata ba.